Wanda Ya Kulle Ƙofa Ya Ɗauki Nauyin Na Ciki

  

Sharhin yau a kan annoba ne. Bayanin ƙwayar cuta fagen likitoci ne, a bar musu. Abin da za a duba shi ne dokokin da hukuma ke kafawa idan annoba ta sauka, da haƙƙin da ke hawa wuyanta a kan kowace doka. Maganar guda ɗaya ce, kuma za ku ji ta fiye da sau ɗaya: wanda ya kulle wa mutane ƙofa, ya ɗauki nauyin na ciki.

Bari a fara da abin da kowa ya gani da idonsa.

A ƙarshen watan Maris na 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja saboda cutar korona. Nan da nan Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya kafa dokar zaman gida ta mako biyu a Adamawa. A lokacin ba a samu ko mutum ɗaya mai cutar a jihar ba. Sai a ƙarshen Afrilu aka tabbatar da na farko, wani da ya dawo daga Kano. An rufe makarantu. An hana taro a masallatai da majami'u. Titunan Jimeta, waɗanda ba su saba da shiru ba, suka yi tsit.

To, a dubi direban Keke Napep. Da asuba yake fitowa. Abin da ya samu kafin azahar na mai ne da balas ɗin mai keke. Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin cefane. Idan bai fita yau ba, ba za a ɗora tukunya gobe ba. Haka ɗan dako a babbar kasuwar Jimeta. Haka mai shayi a tashar Jambutu, da matar da ke suyar ƙosai a bakin titi, da mai tallar kifi daga bakin kogi. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati, ko ya fita ko bai fita ba, albashinsa zai shigo a ƙarshen wata. Doka ɗaya aka kafa wa kowa, amma nauyinta a kan talaka ya fi sauka.

Tambaya ta farko, masu sauraro, ita ce: shin hukuma tana da hurumin kulle mutane tun farko?

Tana da shi. A nan babu ja. A zamanin annobar Amwas, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham. Yana cikin tafiya labari ya iske shi cewa cuta ta ɓarke a can. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai ya ji ta bakinsu, suka saɓa wa juna. Ya kira Ansar, su ma ra'ayinsu ya rabu. Sai da ya gama shawara sannan ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya tabbatar musu da koyarwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ba a shiga garin da annoba ta sauka, na ciki kuma ba sa fita don gudun ta. 'Yan'uwa Kirista ma sun san ƙa'idojin keɓe mai cuta da ke cikin Littafin Firistoci. Killace majiyyaci ba baƙon abu ba ne a wajen kowa.

A zamanin nan ma an ga amfaninsa. A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola a jikinsa. Ya nemi a sallame shi daga asibiti. An matsa wa likitarsa, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, lamba ta sake shi. Ta ƙi. Ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Amma cutar ba ta bazu cikin miliyoyin mutanen Legas ba, balle ta hau motar dare ta iso Yola. Tsare mutum ɗaya ya ceci ƙasa.

Saboda haka hurumin yana nan. Amma yana da sharuɗɗa. A 1984 masana shari'a daga ƙasashe da dama suka zauna a birnin Sirakusa na Italiya, suka tsara ƙa'idojin tauye 'yancin mutane a halin gaggawa. Abin da suka tsayar ba shi da wuyar fahimta. Takurar ta zama bisa doka. Ta zama dole ce ta kawo ta. Kada ta wuce girman haɗarin. Kada ta nuna wa kowa bambanci. Kuma a sa mata wa'adi, a riƙa dubawa ko lokacin ɗage ta ya yi. A Najeriya kuwa, dokar killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, ita aka jingina da ita aka yi kullen 2020. Doka ce da ta yi dogon bayani a kan ikon hukuma, ta yi shiru a kan cikin talaka.

Wannan ya kawo mu ga haƙƙi na farko, wato abinci.

Wanda aka ce ya zauna a gida don ya kare lafiyar al'umma, sadaukarwa yake yi. Al'umma kuma ta ci bashinsa. Tallafin da za a kai masa ba alfarma ba ne, biyan bashi ne. An yi alkawarin tallafi a 2020. Gwamnatoci sun ware kuɗi. Manyan 'yan kasuwa da bankuna sun haɗa gwiwa a ƙarƙashin CACOVID, sun tara biliyoyin naira, sun sayi shinkafa da taliya da sukari. An raba wani abu. Amma gidaje da yawa sun gama kulle, sun gama azumi, ko mudu ɗaya bai shigo ba.

Sai ga watan Oktoba. Bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zarafin 'yan sanda, jama'a a jihohi da dama suka gano rumbunan da aka jibge kayan tallafi. Ranar Lahadi 25 ga wata abin ya iso Yola. Aka fasa rumbuna, har da na Kwanar Waya. Aka ga mutane da buhuna a ka, wasu a keke, wasu a kura. Abin bai tsaya a abinci ba. An kwashi kayan ofisoshi da na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har da motocin noma. Gwamna ya kafa dokar hana fita, ya kuma ba da wa'adin awa 12 a mayar da kaya.

Wawaso laifi ne, kuma wanda ya ɗauki tarakta ba yunwa ce ta sa shi ba. Hukumomi a faɗin ƙasar sun ce kayan suna jiran rabo ne, wasu an ajiye su don ɓarkewar cutar karo na biyu. Ko da haka ne, akwai darasi. Me ya hana a sanar tun farko cewa ga abin da ya shigo, ga inda yake, ga ranar da kowace mazaɓa za ta karɓa? Da an karanta wannan a rediyo, da mai unguwa da limami da fasto sun riƙe takardar rabo a hannu, da wuya zargi ya samu wurin zama. Abincin da ya makara wata shida bai biya bashin wanda ya kwana da yunwa a Afrilu ba. Wanda ya kulle ƙofa, ya ɗauki nauyin na ciki, kuma nauyin a ranar kullen yake farawa.

Haƙƙi na biyu, masu sauraro, shi ne mutunci.

A tsakiyar Afrilun 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta fitar da rahoto mai tayar da hankali. A makonni biyun farko na kulle, jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a wajen tilasta bin doka. A daidai lokacin, waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a faɗin Najeriya ba su kai haka ba. A sake saurara: masu tsaron dokar kare rai sun riga cutar yin kisa. Dokar da aka kafa don lafiya, idan ta koma bulala da tsallen kwaɗo a bakin titi, ta rasa dalilin kafa ta.

An kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Direbobi sun san yadda aka yi. Shingaye sun yi yawa, amma mai abin miƙawa yana wucewa. Wanda dokar ta tsare shi ne wanda aljihunsa ba komai.

Sai batun almajirai. Gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da yaran jihohinsu na asali. Aka loda yara a motoci, jiki da jiki, aka yi ta safararsu daga jiha zuwa jiha. Da aka gwada wasu a inda aka sauke su, kamar Kaduna da Jigawa, sai aka tarar da dama suna ɗauke da cutar. A lokacin da ake cewa kowa ya tsaya inda yake, waɗanda suka fi kowa rauni su aka tayar. Gyaran tsarin almajirci magana ce mai muhimmanci, amma tsakiyar annoba ba lokacin kwashe yara ba ne.

Mutunci kuma yana nufin doka ta hau kan babba kamar yadda ta hau kan ƙarami. Da aka yi jana'izar shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, a maƙabartar Gudu da ke Abuja, an ga cunkoson manya a talabijin, alhali talakawa an taƙaita musu masu raka gawa. Shugaban kwamitin yaƙi da cutar, Boss Mustapha, ɗan jihar nan ta Adamawa, ya fito ya ba da haƙuri. Ba da haƙurin ya yi kyau. Amma mutanen da aka hana Juma'a sun riga sun gani. Masana tarihi sun ruwaito cewa a shekarar yunwa Halifa Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu. Shugaban da ya shiga cikin wahalar da ya ɗora, ba ya buƙatar yawan 'yan sanda.

Yanzu ga haƙƙi na uku, kuma shi ne mafi tsada idan aka tauye shi: gaskiya.

A 1996 annobar sanƙarau ta ratsa Arewa, ta kashe dubban mutane, akasari yara. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. An sa yara kusan 200 a gwajin. 11 sun rasu, wasu sun tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta jawo, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a na asibiti an rubuta ta ne bayan an gama, aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Ba gaskiya ba ne. Amma mutanen da suka tuna da Asibitin Zana ba su ga dalilin yarda da rantsuwar kowa ba. Kano ta dakatar da rigakafi kusan shekara guda. Cutar ta sake bazuwa, ta ƙetara iyaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ba a haifa ba a 1996 su suka biya, da ƙafafunsu.

Yaya aka gyara? An zauna da malamai. An gwada ɗigon rigakafin, an bayyana sakamako. An kawo wani daga Indunusiya. Daga 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka ɗauki aikin a kafaɗarsu. Hakimai da dagatai da masu unguwa suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. Mata masu bi gida gida suka yi ta haƙuri da baƙar magana, wasu ma suka rasa rayukansu, kamar waɗanda aka harbe a Kano a 2013. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji. Gwajin Trovan ya ɗauki makonni. Dawo da yarda ya ci shekaru.

An so a maimaita kuskuren a 2020. Masu haƙar kabari a Kano suka ce gawarwaki sun yi yawa. Hukumomin jihar suka fara danganta abin da hawan jini da ciwon sukari da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce rabin mace-macen ko fiye suna iya zama na korona. Idan hukuma ta yi jinkirin magana, jita-jita ba ta jinkiri. Masu sauraro za su tuna daren da aka yi ta buga waya a 2014 ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, don maganin Ebola. Wasu sun mutu ta dalilin haka.

Gaskiya kuma tana da harshe. Sanarwar da aka karanta da Turanci a Abuja ba ta isa kunnen tsohuwa a Fufore ba. Adamawa gida ce ta harsuna da yawa. Sai an faɗa da Fulatanci da Hausa, da Bachama da Kilba da Margi da Chamba, daga bakin wanda mutane suka sani.

Amma a lura, faɗin gaskiya a kan annoba daban, tona asirin majiyyaci daban. A watan Maris na 2020 Wazirin Adamawa Atiku Abubakar ya sanar da kansa cewa ɗansa ya kamu da korona. Wannan zaɓin gidansu ne, kuma ya nuna cewa cuta ba abin kunya ba ce. Wanda aka yaɗa sunansa da hotonsa a WhatsApp ba da saninsa ba, an zalunce shi. Maƙwabcinsa da ya ga haka zai ɓoye tari da zazzaɓinsa, cutar kuma ta samu hanya.

Haƙƙi na huɗu shi ne adalci, kuma shi ne ya fi kusa da ƙofar gidajenmu.

Korona ta lafa. Amai da gudawa ba ta tafi ko'ina ba. Ta ɓarke a Mubi a 2018. Ta shigo Yola da Girei a 2019. A watan Satumban 2024, bayan ambaliya, ta sake kwantar da ɗaruruwan mutane a Yola ta Arewa. Cuta ce da aka san hanyarta: ruwan sha da ya gauraya da bayan gida. Duk damina Binuwai na cika, ruwa ya shiga unguwannin da ke gangare, masai ya tumbatsa, rijiya ta gurɓace.

Sai a fito a ce wa mutane su riƙa wanke hannu da ruwa mai gudu da sabulu. Shawara ce mai kyau. To, a shiga wani gida a unguwar Rumde ko Doubeli. Ruwan gidan daga kurar ɗan garuwa yake zuwa, jarka jarka, kowace da kuɗinta. Uwargida ce ke lissafi: wannan na girki, wannan na sha, wannan na alwala da wankan yara. Ba ta san daga wace rijiyar burtsatse aka ɗebo ba. Ba ta san yaushe aka wanke jarkar ba. Idan ɗanta ya kamu, ba ƙazanta ce ta jawo ba, rashin famfo ne. Hukumar da ta ba da umarnin tsafta, ita ke da alhakin kai ruwa, da zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a rijiyoyi, da duba inda 'yan garuwa ke ɗiba. Kuma kafin damina ake wannan aiki.

Adalci ya haɗa da masu jinya. Lokacin da korona ta shigo, kuɗin haɗarin aiki da ake ba ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata. Likitoci masu neman ƙwarewa sai da suka shiga yajin aiki a watan Yunin 2020 a kan kayan kariya da alawus. Nas ɗin da ke kwana a ɗakin masu amai da gudawa a Asibitin Ƙwararru na Yola, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ita ma tana da 'ya'ya a gida. Wanda ya tura ta, ya ba ta safar hannu da takunkumi da haƙƙinta a kan lokaci.

Duniya ma ba ta tsira daga wannan zargi ba. Ƙasashe masu arziki sun saye allurar korona, har ta yi musu yawa. Wadda suka aiko daga baya, wani ɓangare nata ya kusa lalacewa. A watan Disambar 2021 Najeriya ta lalata fiye da allura miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare. Rashin adalcin da Abuja ta yi kuka da shi a kan Turai, kada Yola ta yi wa ƙananan hukumomin nesa kamar Toungo da Madagali irinsa.

To jama'a, a tattara magana. Hukuma na da hurumin takura wa mutane idan annoba ta zo. Amma wanda ya kulle ƙofa, ya ɗauki nauyin na ciki. Ya ciyar da su. Ya tsare mutuncinsu. Ya gaya musu gaskiya da harshen da suke ji. Ya fara da wanda ya fi rauni.

Kalma ta ƙarshe gare ku ce, masu sauraro, domin ku ma akwai naku nauyin. Iyaye mata, idan yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba shi ana tafiya asibiti, kada a jira gari ya waye. Iyaye maza, idan masu rigakafi sun yi sallama, ku yi tambaya, haƙƙinku ne a amsa muku, sannan ku fito da yara. Matasa, saƙon da ba ku san tushensa ba, kada ku tura. Malamai da fastoci da masu unguwa, ku nemi zama da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma tun yanzu da ake zaune lafiya. Ku tambaye su ina za a kwantar da marasa lafiya, wa zai riƙe takardar rabon tallafi, yaushe za a duba rijiyoyin unguwa. Idan kansila ko ɗan majalisa ya zo gaisuwa, shi ma ku yi masa waɗannan tambayoyi.

Allah ya kare mu daga annoba, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.